Shagon Baba mai tafireta, inda muke kai kekunan rubutun makafi gyara

Kusan duk makarantar makafi da na taɓa shiga a Arewa tana da wani sito ko kabad da ake jibge matattun kekunan rubutu. Wata ƙungiya ce ta kawo su kyauta, aka yi taro, aka ɗauki hoto, yara suka more su na ɗan lokaci, daga nan suka fara cijewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan kansa ba ya tafiya, wancan madanninsa ya maƙale, wani kuma yana tauna takarda. Ba a ɗora wa kowa alhakin gyara ba, sai a kulle su. Malaman da ke riƙe da makullin irin wannan sito nake rubuta wa, domin akwai wani dattijo a gefen kasuwar Sabon Gari a Kano da ke tayar da kekunan nan, kuma na ba shi aiki har na san hannunsa. Shawarata ita ce ku kai masa. Amma akwai abubuwan da gara ku sani tun kafin ku tsayar da adaidaita.

Ni malama ce a ajin ƙananan yara masu larurar gani, waɗanda suke fara koyon baƙi. Ga wanda bai san aikinmu ba, rubutun da muke koyarwa shi ne wanda Louis Braille, ɗan ƙasar Faransa da aka haifa a 1809, ya tsara tun yana matashi, aka fara buga shi a 1829. Kowane harafi yana zaune ne a gida mai ɗigo 6, uku a hagu uku a dama, kuma daga waɗannan ɗigogin ake fitar da alamomi 63. Da su ake rubuta Turanci, da Hausa har da su ɓ da ɗ da ƙ, da Larabci, da lissafi.

Hanya biyu muke da ita ta rubutu a aji. Ta farko allon huji da tsinke. Suna da araha, suna shiga aljihu, ba sa lalacewa, kuma ba zan taɓa yarda yaro ya bar hannuna bai iya su ba. Sai dai yaro yana huda takardar ne ta baya, ɗigo ɗaya bayan ɗaya, daga dama zuwa hagu, kuma ba zai ji abin da ya rubuta ba sai ya zare takardar ya juya ta. Babba wannan ba ya damunsa. Amma ɗan shekara bakwai da bai gama riƙe siffar haruffa ba, nauyi biyu ne aka ɗora masa a lokaci guda.

Ta biyu ita ce keken Perkins, wanda aka fara fitarwa a 1951 daga makarantar makafi ta Perkins da ke Watertown a Amurka. Wani malamin sassaƙa na makarantar, David Abraham, shi ya ƙera shi. Ƙarfe ne mai nauyin kusan kilo 5, da madannai shida, uku na hannun hagu uku na dama, da na barin fili a tsakiya, sai na komawa baya da na sauka layi. Ana danna ɗigogin harafi gaba ɗaya a tare, su ɓullo ta sama, daga hagu zuwa dama, yadda ake karatu. Ba ya buƙatar wuta ko caji.

Akwai wata yarinya a ajina da kyanda ta tafi da ganinta tun tana ƙarama. An daɗe ana ajiye da ita a gida, sai da ta kai shekara tara wata gwaggonta ta matsa aka kawo ta. Kanta na ja, hadda ba ta yi mata wuya, amma a allon huji haruffan da suke juyin juna sun hana ta sakat. A rubutunmu d juyin f ne, h juyin j, e juyin i. Za ta so rubuta "dama" ta rubuta "fama", ta so "haka" ta rubuta "jaka". Da yake lambobi ma da haruffan farko ake rubuta su, 5 da 9 suna musanya mata wuri, haka 4 da 6. Ta fara ƙin taɓa tsinke. In na miƙa mata sai ta sa hannuwanta a ƙarƙashin hijabi ta yi shiru. Ranar da kekunanmu suka dawo daga wurin Baba na zaunar da ita a gaban ɗaya, na jera mata yatsu: manunin hagu a ɗigo na 1, na tsakiya a na 2, na kusa da ƙarami a na 3, haka ma a dama daga 4 zuwa 6. Ta danna, ta ɗaga hannu ta shafa abin da ya fito, ta ce, "Malama, wannan ba shi ba ne." Ban ce mata komai ba. Ta koma baya, ta murje ɗigon da farce, ta sake dannawa, ta sake shafawa, ta yi dariya. Yaro ya kama kuskurensa da kansa kafin malami ya buɗe baki, wannan shi ne abin da nake nema a kowane darasi, kuma keke mai lafiya ne ya ba ni shi. Daga baya ta koma kan allon huji da kanta, don yanzu ta san abin da take son ya fito.

A lissafi ma haka abin yake. Tarawa da ɗebewa na jere suna son yaro ya hau layin sama ya sauko na ƙasa yana taɓa lambobin, kuma keke ne kawai ke ba da wannan damar a takarda. Muna da allon Taylor, wanda ake jera 'yan sanduna a ramukansa a matsayin lambobi, da abakus, suna da amfaninsu, amma da an kwashe su aikin ya tafi, babu abin da zan duba gobe.

To, shagon. Ɗan tsukuku ne a layin masu gyaran firinta da injin hoto, mutum biyu in sun shiga na uku sai ya tsaya a bakin ƙofa. Baba asalinsa mai gyaran tafireta ne, tun zamanin da kowane ofis da kotu ke da akawu mai buga takarda. Da kwamfuta ta kashe kasuwar, sai wani malami makaho ya kawo masa kekensa ya ce ya gwada sa'a. Ya ce mini a kan wannan keken ya koya, yana kwancewa yana zana inda kowane ƙarfe ya fito a bayan kalanda. Har yau zanen yana manne a bango, ya yi jawur don tsufa.

Bayan mun gaisa, na ce, "Baba, ga marasa lafiya na kawo muku," tambayarsa ta farko ita ce, "Malama, wane mai aka sa musu?" Bai jira amsa ba. Ya kifa ɗaya a kan tsumma, ya kwance kusoshin faifan ƙasa, yana jera su a tiren shayi bi da bi. Ya kira ni in leƙa. Ƙurar hunturu ta shekaru ta haɗu da wani mai da aka taɓa tsiyaya wa keken, ta zama baƙin danƙo a jikin sarƙar da ke jan kan rubutu. Ga ɓawon gyaɗa, ga guntayen takarda, ga ƙwayayen kyankyaso a lungu. Ya ce, "Yawancinsu ba karyewa suka yi ba, 'yata. Datti ne, da man da ba nasu ba. Mutane suna jin ya yi tauri sai su ɗauko man keken ɗinki, wani ma man gyaɗa. Kwana biyu ya yi laushi, daga nan ya daskare gaba ɗaya."

Yadda yake wankin ne ya sa na natsu da shi. Da ƙaramin buroshi yake bi lungu-lungu, ya bar ƙarfen ya bushe sarai, sannan ya ɗauko man agogo ya riƙa ɗiga shi da bakin allura, a wuraren da ƙarfe ke gugar ƙarfe kawai. Ba ya dukan komai, ba ya lanƙwasa abin da bai gane ba. Na ba shi labarin cewa wanda ya ƙera keken ma mai aikin hannu ne, malamin sassaƙa. Ya ce ai ya gani a jikin aikin, don duk abin da ke ciki an yi shi ne yadda za a iya kwancewa a mayar.

Abin da ya fi burge ni shi ne gwajinsa. In ya gama sai ya sa takarda ya cika layi da cikakken gida, ɗigo shida-shida, daga farko har ƙararrawa ta kaɗa, ya sake wani layin, ya gwada komawa baya, ya gwada sauka layi. Amma ba ya cewa aiki ya kammala. Yana cewa yatsunsa sun yi kanta, ba za su ji abin da yatsan yaro zai ji ba, don haka a zo masa da mai karatu. Na je da abokin aikina, malami makaho da ke koyar da yaranmu Alƙur'ani a rubutun Braille na Larabci. Ya bi layin da yatsunsa a hankali, ya tsaya wajen ƙarshe, ya ce, "Baba, ɗigo na shida yana kwanciya a nan." Ni da idona ban ga bambanci ba. Baba bai yi gardama ba, bai ce ai haka yake ba. Ya sake buɗewa, ya yi 'yan taɓe-taɓensa, ya miƙa wata takardar. Sai da Malam ya ce "yauwa" sannan ya mayar da murfi. Wanda bai yi aikinmu ba zai ga ƙaramin abu ne. Amma ɗigo ɗaya in ya kwanta harafi ya zama wani harafin, kuma yaro mai koyo kansa zai zarga, ba zai zargi keke ba.

Yanzu abin da ban ji daɗinsa ba, kuma na gaya masa a gabansa. Baba ba ya cika alkawarin lokaci. Shi kaɗai ne, idonsa ma ya fara rauni, in hazo ya rufe gari ko aka ɗauke wuta ba ya taɓa ƙananan sifirin. Uzuri ne na gaskiya, amma da ya faɗi ranar da zai iya tun farko da ya fi. Na tsara darasin lissafi a kan ranar da ya ba ni, ranar ta zo ta wuce, yara suka ci gaba da jiran layi a kan keke ɗaya. Yaro makaho da ke zaune ba abin yi a hannunsa ba ya leƙen taga ya rage lokaci. Zai fara jijjiga jiki ko danna ido da yatsa, halayen da muke shan wahala kafin mu raba su da su. Jinkirin mako a wurin mai gyara, a aji nake biyansa.

Ba ya ba da rasit kuma. Komai a ka yake riƙewa, alhali kekunan nan kamarsu ɗaya. Ku rubuta lambar da ke jikin kowanne a takarda biyu, ku ajiye ɗaya ku ba shi ɗaya, musamman da yake kayan makaranta ne da za a tambaye ku lissafinsu.

Sai maganar kayan gyara. Ba shi da sababbi. In sifirin ya tsinke ko haƙori ya cinye, daga jikin wani mataccen yake cirowa. Ma'ana, cikin waɗanda kuka kai za a yanka wasu don sauran su rayu. Yana faɗa kafin ya yi, kuma yana mayar da gawar da duk abin da ya rage a ƙulle cikin leda. Da babu gara ba daɗi, amma tsohon ƙarfe tsohon ƙarfe ne. Ɗaya daga cikin namu madannin komawa baya ya sake saki bayan 'yan makonni. Ya gyara bai karɓi ko kwabo ba, sai dai kuɗin mota da ɗaukar nauyi a kaina suka faɗa, don ba ya zuwa makaranta. Haka kuma samfurin 2008 mai jikin roba da wanda ke da allo da murya ba ya karɓarsu. Yana cewa bai san cikinsu ba, ba zai koya a kan kayan marayu ba. Wannan na yaba masa.

Takardar da yake sayarwa ita ce ba zan ba da shawarar a dogara da ita ba. Kwali ne da yake sarowa daga masu ɗab'i yana yankawa daidai faɗin keke. Mai kaurin tana gajiyar da yatsun ƙananan yara, kafin rabin shafi sun fara dannawa da tafin hannu. Marar kaurin kuma ɗigonta ba ya jure shafa, in damina ta shigo takarda ta sha sanyi sai ya kwanta bayan karatu kaɗan. Araha ba ta ado. Don atisayen da za a yar gobe ta wadatar, ko tsofaffin kalandu ma suna yi. Amma abin da yaro zai ajiye ya riƙa bita, ko takardar jarrabawa, a nemi takardar Braille ta ainihi ko da tsada.

Kuɗin aikinsa kuwa babu zalunci. Sabon keke ya haura dala 700 kafin a yi maganar jirgi da kwastan, ku auna wannan da canjin yau. Abin da Baba ya karɓa a kan duk waɗanda ya tayar mana bai kama ƙafar kuɗin sabo ɗaya ba. Yana raba farashi gida biyu, na wanki da sa mai daban, na canjin ƙarfe daban, kuma in ya buɗe ya ga ba mai tashi ba ne ba ya cajin buɗewa.

Na san akwai masu cewa zamanin ƙarfen nan ya wuce, a saya wa yara waya. Manyan ɗalibanmu suna amfani da TalkBack a waya da NVDA a kwamfuta, masu karanta musu rubutu da murya, kuma ina murna da hakan, sun buɗe musu duniya. Amma sauraro daban, karatu daban. Yaron da kunne kawai ya sani ba zai san inda ake sa aya ba, ba zai san "ƙasa" da "kasa" ba harafi ɗaya suke farawa da shi ba, ba zai iya tsayawa a gaban jama'a ya karanta jawabin da ya rubuta ba. Ba wanda zai yarda a hana ɗansa mai gani biro don akwai rediyo. Tun 1953 da aka buɗe makarantar makafi ta Gindiri a Filato, manyan makafin da suka zama malamai da lauyoyi da ma'aikata a ƙasar nan ta kan ɗigon nan suka bi. Yau ma ɗalibin da zai zauna jarrabawar JAMB a cibiyoyin da ake ware wa makafi, saurin hannunsa a Braille yana cikin abin da zai fisshe shi.

Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba yaranmu haƙƙin karatu kyauta har sakandare, ta kuma ambaci Braille da maganar hannu a manhaja. Ina ganin duk mai son cika wannan, gwamnati ce ko ƙungiya ko attajiri mai neman lada, ya kamata in ya ware kuɗin sayen keke goma ya rage ɗaya, ya ajiye kuɗinsa don wanki da gyara na shekaru. Kyautar gyara ba a ɗaukar ta hoto, shi ya sa ba a cika yin ta ba.

Ajina ya canja tun da kekunan suka dawo, kuma ba duka ne sauƙi ba. In duk suna bugawa a tare, ƙarar kamar ruwan farko a kan kwano, sai na ɗaga murya kafin a ji ni, malamar ajin kusa ma ta yi ƙorafi har muka sauya jadawali. Yatsun da ke danna ɗigo na 3 da na 6 ba su da ƙarfi a hannun yara, don haka kowace safiya muna murza laka, muna tsince wake daga cikin masara, kafin a taɓa madanni. Aikin dubawa ya ninku, don bayan an tashi ina zama in bi kowane shafi in rubuta fassararsa da biro a saman layukan, saboda iyaye su iya karantawa. Wannan yana cin yammacina, amma ba na fashinsa. Wani uba da ya daɗe yana cewa zai cire ɗansa ya haɗa shi da mai jagora su shiga kasuwa bara, ranar ziyara na miƙa masa shafin yaron. Ya karanta abin da ke saman layi, sunan mahaifin ne da sunan ƙauyensu da adadin awakinsu. Ya sa yaron ya karanta masa da yatsa don ya tabbatar ba ni na shirya ba. Bai ce komai a kan cirewa ba, ya dai tambayi ranar komawa hutu.

Damuwata da shagon nan ita ce Baba ba shi da yaro. Samarin layin duk sun tafi gyaran waya, inda kuɗi ke shigowa kullum. Na yi masa maganar, ya ce duk wanda zai iya zama ya yi haƙuri zai koya masa, mai gani ko makaho, don yawancin aikin da taɓawa ake yinsa. Shugabar makarantarmu ta amince malamin sana'a da wani tsohon ɗalibinmu su riƙa zuwa ranar Asabar. Sharaɗinsa biyu ne: kowa ya zo da sukundirebansa, kuma ba mai taɓa babban sifirin sai ya iya wanki. In wata makarantar tana da wanda za ta tura, ya ce a turo shi.

Lokacin da ya fi dacewa a kai masa aiki shi ne farkon dogon hutu, yadda jinkirinsa ba zai taɓa darasi ba. Ku zare takarda daga ciki, ku tura kan rubutun gefe ku ɗaure shi da tsumma saboda gargadar hanya, kada a ɗora wani kaya a kan madannai. Ku tafi da mai karanta Braille ranar karɓa, kuma ku sa tela ya ɗinka wa kowane keke riga kafin hunturu. Shagon ba shi da allon suna. In kun shiga layin masu firinta ku tambayi Baba mai tafireta, kowa ya san shi. Ba ya ɗaga waya in yana kan aiki, ranar Juma'a kuma da hantsi yake rufewa.